Kafin Ciyawar Ta Yi Fure

Talata, da hantsi

Ranar da komai ya juye mini ita ma Talata ce. Ina kwance a doguwar kujera a ɗakinmu na haya, ina tsakiyar littafin yarinyar nan da ta auri matuƙin jirgi, sai na ji ana taɓa ƙofa. Mijina ne, da hantsi, kuma ranar aiki. A hannunsa leda, a cikin ledar butarsa ta ofis da kofin shayinsa da silifas ɗin alwala. Mutumin da ya kwaso butarsa daga wurin aiki ai ba ya bukatar tafinta. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Akwai ruwan sanyi?" Iyakar bayanin da na samu ke nan har yau. Malamin gona ne, shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar takin zamani. Sauran zancen a bakin mutane na tsinta, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Wata bai ƙare ba muka kwaso kaya muka dawo gidansu, aka ba mu ɗakin da ke kusa da ƙofar baya. Tagarsa tana kallon filin Inna, mahaifiyarsa. Ƙasa ce da ta gaji. An ce bara masarar da aka shuka ko gwiwa ba ta kai ba, ganyenta rawaya kamar idon mai shawara. Yaya Babba, wan mijina, so yake a ba wani mai bulo wurin ya kafa injinsa. Mijina ya roƙi a bar masa damina ɗaya. Da ruwan farko ya sauka na zaci masara zai shuka. Sai ya fito da wata tsohuwar safa cike da 'ya'yan ciyawa da ya bi bakin hanya yana tsinta, ya watsa su.

Yanzu ciyawar ta kai ƙugu. A littafi, in amarya ta buɗe taga lambu take gani. Ni ciyawa nake gani, kuma da gangan aka shuka mini ita.

Laraba, bayan la'asar

Ya leƙo ta taga ya ce, "Zo ki ga wani abu." Har na gyara ɗaurin ɗankwali. Ashe saiwa ce.

Ya tuge ciyawar biya-rana guda, wadda 'ya'yanta ke kacau-kacau in sun bushe, ya karkaɗe ƙasar, ya nuna mini wasu ƙananan ƙuraje a jikin saiwar. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar tsoka.

"In kin ga ja, tana aiki," in ji shi. "Abin da ke cikin farin takin nan na buhu, naitirojin, shi take zuƙowa daga iska ta tara a nan. Ita da zamarken can na gefen rijiya, da gadagin da ke bin ƙasa, duk sana'arsu ɗaya. In na sare su da ɗanyensu na binne suka ruɓe, ƙasa ta samu abinci."

Na ce, "To, Allah ya ba ƙasa lafiya."

Da wata irin murya yake maganar saiwar nan, a hankali, kamar kada ya tashe ta daga barci. Rabona da jin wannan muryar tun muna gidan haya.

Da na shigo, Auta, ƙanwarsa, tana bakin murhu. Ta ce, "Matar Yaya, an kai ki shan iska a lambu? An tsinko miki fure kamar na littafi?" Na ce ta je ta wanke tukunyar da ta jiƙa tun jiya, kafin ita ma yayanta ya ce taki ce.

Alhamis, da safe

Sauro. Duk daga ciyawarsa suke.

Juma'a, bayan magariba

Na kawo abinci tsakar gida ke nan, ban ma ajiye tiren ba, na ji yana gaya wa Inna. Wani abokinsa ya samo masa aiki a wata babbar gona, can nesa. Ma'aikata a ɗaki ɗaya suke kwana, ba wurin mace.

Inna ta ce, "Yaushe?"

"Ranar da ciyawar ta fara fure zan sare in binne. Lokacin ne ƙarfinta ke cikin ganye. In aka bari ta yi 'ya'ya, ta zama kara. Ina gamawa zan kama hanya."

Yaya Babba ya yi dariya har ya ƙware. "Mutane suna duba aljihu kafin su yi tafiya, kai kana duban ciyawa. To in ka binne ka tafi, wa zai tsaya a kan shukar? Inna da gwiwar nan tata? Ko Auta da ba ta san gaban fartanya da bayanta ba?"

Inna ba ta kula shi ba. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ita fa?"

"Sai ta je gida ta ɗan huta."

Ta ɗan huta. Ina tsaye da tire a hannu, kamar kujera ake shawarar inda za a ajiye. Na san irin wannan hutun. 'Yar ƙanwar Umma, mahaifiyata, da sunan hutu ta koma gida, yanzu ɗanta ya shiga makaranta, tana nan tana hutawa.

Na ajiye tiren da ƙarfi har miya ta fantsama a rigar Yaya Babba. Ban ba shi haƙuri ba.

Asabar, da azahar

Umma ta kira. Ban san wa ya kai mata ba, amma ta ji. Ta ce, "Ki taho kawai, ɗakinki yana nan. Mutumin da ake nunawa da baki a gari, tafiyarsa ma rufin asiri ce." Na ce miyata za ta ƙone, na kashe wayar. Ban ɗora komai a wuta ba.

A littafin da nake karantawa, da aka yi wa matuƙin jirgi ƙazafi, durƙusawa ya yi gaban matarsa ya riƙe hannunta ya gaya mata komai, har shafi huɗu. Nawa ruwan sanyi ya tambaya.

Litinin, bayan asuba

Yana masallaci na fita zubar da ruwan wanke-wanke ta ƙofar baya. Fure guda ɗaya ne, a jikin katanga, ruwan ɗorawa, ɗan ƙarami kamar kunnen jariri.

Ban fita da niyyar komai ba. Mata suna tsinkar fure, a kowane littafi ana yi.

Na sa shi a jar kular nan ta kayan aurena da ban taɓa zuba abinci a ciki ba, na rufe, na tura ƙarƙashin gado.

Talata, da safe

Yau sun fi na jiya.

Laraba, da hantsi

Ba don shi nake yi ba. Ya tafi mana, wa ya riƙe shi? Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ciyawa ta yanke mini ranar komawa gidanmu.

Ya fita ya zaga filin, hannu a baya kamar mai duba makaranta. Ya daɗe a jikin katanga. Da ya dawo ya ce, "Ta yi jinkiri bana." Na ce, "Ko ita ma hutawa take yi." Ya dube ni, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Alhamis, bayan la'asar

Auta ta ga zanina a igiya, jiƙe da raɓa har cinya. "Matar Yaya, kamun kifi kike zuwa da asuba? Ki riƙa rago mana mana." Na ce bakinta ne zai hana ta auruwa. Ta ce ai ta ga auren, a kai kasuwa.

Yarinyar nan wata rana sai na cusa mata biya-rana a baki.

Asabar, da yamma

Yaya Babba ya kawo mai bulo. Suka shiga filin ba sallama, suna taka ciyawar, suna nuna inda inji zai zauna da inda motar yashi za ta juya. Mai bulo yana ta tofar da yawu yana cewa wuri ya yi, sai dai macizai.

Mijina yana tsaye a bakin rijiya. Yaya Babba ya ce, "Malamin ciyawa, maƙwabta masararsu ta fara rufe ƙasa, kai har yanzu jiran fure kake? Ko da ma takin buhu kaɗai ka iya?"

Kowa ya gane abin da yake nufi. Har mai bulo ya sunkuyar da kai. Na jira in ji mijina ya buɗe baki. Sai ya durƙusa yana tayar da ciyawar da suka take, ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan wanki ne a gabana. Na watsa shi ta taga, ya sauka a ƙafar mai bulo. Na ce ban ga mutum ba.

Ban san wanda na fi jin haushi ba, mai faɗar ko mai shirun.

Lahadi, da safe

Abokin nasa ya kira. Ya fita soro da wayar, amma na ji. "Ka ƙara mini haƙuri, wani aiki ne ya riƙe ni." Ya saurari abokin, sannan ya ce, "Na sani. In sun ba wani, ba laifinka ba ne."

Ban ji komai a raina ba. Na shiga ɗaki na share inda na riga na share.

Talata, da hantsi

Sun fi ƙarfina. In na gama gefen katanga na juya, sai in ga tsakiya ta yi rawaya. Na bar tsinka ɗaya-ɗaya, yanzu kan gaba ɗaya nake karyewa har da ganye. Kula ta cika, sai da na danna da ludayi. Yatsuna sun yi kore, bayana kamar an doke ni da taɓarya.

Wani abu kuma: da farko farce kaɗai ke yanke karan. Yau sai da na murɗa.

Littafina yana nan inda na kife shi. Na bar matar matuƙin jirgi a filin jirgi tana kuka, ta yi ta yi.

Laraba

Ta ɗan huta.

Alhamis, bayan azahar

Inna ta shigo karɓar allura, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana jan hanci. "Ɓera ya mutu a ɗakin nan." Na ce ni ban ji komai ba. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta ƙwala wa Auta kira. Mijina kuma yana zaune a bakin gado yana ɗinke silifas ɗinsa.

Auta ta ɗage labule, ta jawo akwati, ta kwanta ta leƙa ƙarƙashin gado. Da ta buɗe kular sai da ta ja baya. Abin ya yi baƙi ya narke, sai na saman ne ke da sauran rawaya.

"Matar Yaya, wannan wace irin miya ce? Ta cikin littafi?"

Inna ta dubi kular, ta dubi yatsuna. Ta ce, "Auta, zo ki tsince mini shinkafa." Auta ta ce ai an tsince tun safe. Inna ta ce, "A sake." Suka fita, ta ja mana ƙofa.

Ya sa hannu cikin abin nan mai wari har wuyan hannu. Ya ce, "Da ɗumi. Haka za ta yi a cikin ƙasa."

Na ce, "Abin da za ka ce ke nan?"

"Me kike so in ce?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Akuya ba ta cin fure ta bar ganye. Kuma ba ta sa silifas."

Na ji kamar in kife masa kular a ka. Na ce wato yana kwance yana jina ina fita cikin raɓa kamar ɓarauniya, ya dawo yana ce mini ta yi jinkiri. Ya ce ya ɗauka in na gaji zan yi magana. Na ce ni zan yi magana? Shi da ya kwaso buta daga ofis ya tambaye ni ruwan sanyi? Shi da ya sallame ni gida a gaban wansa ko kallona bai yi ba?

Ya ce, "Kullum ina ganin yadda kike kallon tagar nan. Da wane baki zan ce ki zauna?"

"Da wanda kake yi wa saiwa magana."

Sai tambayar ta fito, ban shirya mata ba. Na ce, "Buhunan takin nan. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

Ya goge hannunsa a jikin tsumma, yatsa bayan yatsa. "Da ranar kika tambaye ni, da na ji daɗi. Yanzu kin daɗe da ba kanki amsa."

Ban ba kaina amsar komai ba. Shi ne abin da bai sani ba, kuma ban gaya masa ba.

A bakin ƙofa ya juyo. "Tsinke fure ba ya hana kara tsufa. Kowace safiya da kika ƙara, ƙasar Inna ce ta biya. Ba ke kaɗai ba, ni ma da na bari."

Yanzu haka ina jin ƙarar adda a kan dutsen wasawa.

Juma'a, da hantsi

Yau ban fita ba. Da gari ya waye na buɗe taga, filin gaba ɗaya ya zama ruwan ɗorawa, daga katanga har rijiya, ƙudan zuma suna ta kai da komo. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ta tagar kowa ba. Ga lambun da nake nema.

Ya bar shi har rana ta ɗaga. Ban sani ba ko raɓa yake jira ta bushe. Sannan ya sa adda.

Asabar, da yamma

Jiya sara, yau binnewa. Yana kwantar da ciyawar a kwari, ya ja ƙasa da garma ya rufe. Gindin karan ya yi tauri, sai da ya zauna yana daddatsa shi ƙanana a kan kututture. Aikin yini ya zama na yini biyu. Bai ce laifin wane ne ba, kuma na fi so da ya faɗa.

Da ya kai kwarin ƙarshe na fito da kular na juye a ciki. Ya ja ƙasa ya rufe. Auta tana leƙe ta ƙofar baya, na ce in ta yi tari sai na binne ta ita ma.

Bayan ya wanke jiki ya tsaya daidai tagata yana yi wa Inna bayani da ƙarfi, kamar Inna kurma ce. Kada a yi gaggawar shuka, ɗumin ruɓa zai kashe irin. A riƙa tonawa da hannu. In ɗumin ya fita, ganyen ya yi baƙi yana marmashewa, a shuka a ranar, kada a ƙara ko kwana, don damina ta riga ta yi nisa. Da karan bai tsufa ba da abin bai daɗe ba, yanzu sai yadda ta yiwu.

Inna ta ce, "Ni da ba na iya durƙuso kake gaya wa?" Ya ce, "Na dai faɗa."

Lahadi, da safe

Ya tafi. Ashe ba a ba wani mutum aikin nasa ba.

A littafi a nan ne ake rungume juna. Ya ce, "Sai na kira." Na ce, "Ka manta silifas ɗinka." Ya dawo ya ɗauka. Butar ma ya tafi da ita.

Talata, bayan la'asar

Yaya Babba ya tare ni a tsakar gida. "Amarya, yaushe zan kai ki tasha? Kada ki ji nauyi, motata tana nan." Tunda na zo gidan nan bai taɓa yi mini tayin ko ruwa ba. Ya ce mai bulo yana jira, fili kuma ba mai tsayawa a kansa, gara a san abin da ake ciki tun kafin ciyawa ta sake fitowa, ta gaske wannan karon.

Na ce ina da wanki.

Alhamis, da safe

Na tona. Da ɗumi, kuma warin kulata yake yi.

Ba wai wani abu ba. Hanyar zubar da ruwa ce.

Asabar, da azahar

Umma ta ce za ta turo a ɗauke ni, tunda na zama marar kunya ina zaune gidan surukai ba miji. Ta tambaye ni me nake jira. Na ce wanki bai bushe ba. Ta ce wannan wanki ko na asibiti ne.

Ya kira sau ɗaya. Ya tambayi gwiwar Inna, ya tambaya ko an yi ruwa. Na ce an yi. Daga nan katinsa ya ƙare. Bai tambaya yaushe zan tafi ba, bai ce in zauna ba.

Litinin

Har yanzu da ɗumi. Karan nan ne. Na san wanda ya jawo.

Laraba, da yamma

Inna ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini wani ƙullin tsumma a kan kabad. Irin masara ne. Ta ce, "Sauke mini, ɓeraye nake tsoro. Ajiye shi a ɗakinki, ke da kike da kula mai murfi." Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Auta ta ce in har ni na shuka masara ta fito, za ta karanta littafina tun daga bango har bango. Na ce ta fara koyon baƙi.

Juma'a, da hantsi

Na tona a jikin katanga, na tona a tsakiya, na tona a gefen rijiya. Sanyi ƙalau. Ganyen ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, warin ya tafi, sai ƙanshin ƙasa. Har tsutsa na gani a wurin da Inna ta ce rabonta da ganin tsutsa tun maigidanta yana da rai.

Har yanzu ina jin haushinsa, kuma har yanzu ban san zancen buhunan ba.

Na kira Umma na ce kada a turo kowa. Na gaya wa Yaya Babba ya sallami mai bulonsa, fili yana da mai tsayawa a kai. Mijina kuwa ban gaya masa ba, in ya iya tambaya ya ji. Ba zan je gida ba. Na ari fartanyar Inna, yau zan shuka masarar.